Baba Ya Fito Buga Dara

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigida da yara, ya zafin garin Tawa? Mu nan Zango lafiya lau.

Albishirinki! Wasu masu zane sun rufe layinmu na mako guda, sun rataya wa yara lilon taya, sun zana ƙaton dara a ƙasa. Tun da gobarar kasuwar Rood Woko ta cinye shagonsa, Baba masallaci kawai yake fita. Jiya ya leƙo, ya ga maƙwabcinmu Malam Idi zai sha kaye, ya ce, "Matsa, ba haka ake yi ba!" Har la'asar yana wasa yana dariya.

Jibi masu zanen za su kwashe kayansu. Ki taya mu da addu'a, kada ya koma ɗaki. Gaida kowa.

Ƙanwarki,
Rabi