Rasuwar Malam Haladu Ɗan'auta da Ajin Baftismar da Ya Bari

Cikin alhini da miƙa wuya ga nufin Ubangiji, Ƙungiyar Kiristoci Masu Jin Hausa ta Sabo da Mokola, Ibadan, tana sanar da ikilisiyoyi 'yan'uwa, da dattawan Sabo masu girma, da jama'a baki ɗaya, cewa ta sami labarin rasuwar ubanmu kuma malaminmu, Mai Bishara Malam Haladu Ɗan'auta, wanda Ubangiji ya kira da hantsin Talata bayan gajeriyar jinya. Ya bar mai ɗakinsa Malama Amariya, da 'ya'ya, da kuma ajin baftisma na samarin soja waɗanda za a kwasa zuwa bakin daga a mako mai zuwa, ba su kuwa sauke karatunsu ba.

Marigayin ya biyo fataken goro daga ƙasar Zazzau tun kafin mulkin kai, ya sauka a gidan Alhaji Nata'ala, babban dillalin goro na Sabo, inda ya yi sana'ar zaɓen goro da ɗaurin huhu har ƙarshen ransa. A zauren wannan gida ya yi koyarwarsa, kuma duk mai son karatu a wurinsa, ko da igiya nawa ce a kafaɗarsa, sai ya tuɓe takalmi ya zauna a tabarma ya sa hannu a goro, baki na karatu, hannu na aiki. Maƙwabtanmu Musulmi sun sha jin karatun, sun kuma sha kafa masa gardama. Shi da Alhaji Nata'ala ba su taɓa shawo kan juna ba, haka kuma ba su taɓa raba kwano ba.

Abin da ya fi riƙewa da hannu biyu shi ne koyarwar Triniti, wato Allah ɗaya ne, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Da yaƙin nan ya ɓarke, samari daga Filato da Binuwai da kudancin Zariya suka riƙa zuwa daga bariki suna roƙon a yi musu baftisma cikin gaggawa, amma Malam ya kafe cewa ba wanda zai shiga ruwa cikin sunan da bai sani ba. An kira wannan taurin kai, shi kuwa ko a jikinsa. Hujjarsa ita ce, in Almasihu ba Allah ba ne, mutuwarsa ba ta fanshi kowa ba; in kuma Ruhu ba Allah ba ne, to yaron da ke kwance a rami harsashi na wucewa ta kansa shi kaɗai ne a wurin. Yakan tsawata wa mai cewa alloli uku, kamar yadda yakan tsawata wa wanda kunyar abokai ta sa ya ɓoye Ɗan. Burinsa kowane yaro ya tafi da sanin cewa wanda ya halicce shi, da wanda ya mutu dominsa, da wanda zai raka shi, Allah ɗaya ne.

Da labarin rasuwar ya kai bariki, samarin nan suka zo gidan makoki idanunsu jawur, don rashin malaminsu da kuma fargabar za su tafi ba baftisma, mu ma kuwa mun rasa yadda za mu yi da su. Sai Malama Amariya, tana tsakiyar karɓar gaisuwa, ta sa aka shimfiɗa musu tabarma, ta ɗora daga inda mijinta ya tsaya, Alhaji Nata'ala kuma da bakinsa ya ce a buɗe musu zauren. Jiya limamin ikilisiya, Rabaran Isiyaku, ya yi musu tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi inda-inda. Mun yi kuka, kuma ba na baƙin ciki ba ne kaɗai.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga Malama Amariya, da 'ya'yan marigayin, da danginsa na Zazzau, Kirista da Musulmi, tana kuma godiya ga dattawan Sabo da suka tsaya tare da mu. Muna roƙon Allah Uba ya ba su haƙurin jure wannan babban rashi, Yesu Almasihu ya ƙarfafa begensu na tashin matattu, Ruhu Mai Tsarki ya ta'azantar da su, ya kuma kawo wa ƙasarmu ƙarshen wannan yaƙi. Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe. Ranar Lahadi kuma, bayan sujada, muna gayyatar kowa zuwa bakin ruwan Eleyele, inda Malama Amariya za ta gabatar da samarin nan da sunayensu, a madadin iyayensu mata da ke can Arewa, a yi musu baftisma kafin mota ta zo ɗaukarsu.

Sa hannu:
Dattijo Uwaisu Bulus,
Magatakarda kuma Kakakin Ƙungiyar Kiristoci Masu Jin Hausa,
Sabo da Mokola, Ibadan, 1968.