Harsasan Bulus

Talata da dare, unguwar Setapak

Mijina Bulus ya kira daga Kanada ina tsakiyar cin shinkafar da na sayo a shagon abincin da mutanen ƙasar nan ke kira mamak. Na ɗauka maganar bizata ce, ashe hoton harsashi biyu ya turo.

"Maman Joy, farauta za ni, zaɓar min. Ƙaramin na barewa ne, ba ya kayar da elk, wata dabba mai girman bijimi. Rauni kawai zai ji mata, ta je ta mutu a daji. Babban kuma bindigarsa tana dukan kafaɗa."

Na ce ya ɗauki babban, ni kaina ban san dalili ba.

Mutumin nan fa a Jos, ranar Kirsimeti, ni nake yanka kaza shi yana leƙe ta taga. To wa zan je in tarar a can?