Jirgin soja a kan masu harbin tsingaro

Daren Alhamis, Gangara

Har yanzu raina a ɓace yake. Tun da aka gama girbin gero, maigidana da abokansa ba su da aiki sai fita bayan gari da bindigar farauta, wani ya wurga tsingaron tukunya sama, wani ya harba. Wai koyon saiti.

Yau da la'asar ina dawowa daga rijiya, jirgin soja ya wuce ƙasa-ƙasa, har jakinmu ya zubar da jarkoki. Su maigidana kuwa ko a jikinsu, sai ma aka sake wurga wani, tau! Jirgin ya juyo, ya zagaya kansu. Na tsuguna. Wanda ke sama ina zai san tsingaro ne? Maza ya gani a daji da bindiga.

Da maigidana ya shigo na ce, "Malam, so kake a zaci ku ƴan bindiga ne?" Ya yi dariya, wai matuƙin ma kallo ya dawo yi. Tir!

Tsingaronsu ya ƙare, ɗazu na ga yana leƙen tsohuwar randata. Na shigar da ita ɗaki. Gobe sai dai ya wurga hularsa.