Turken Goron Dutse da Rasuwar Baba

Unguwar Sheshe, Kano.

Zuwa ga Yaya Umar,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kai da iyali kuna lafiya a Tarabulus, Allah ya ƙara mana haƙurin rashin Baba. Hajiya da sauƙi, ta fara cin abinci. Ka ce in faɗa maka yadda abin ya faru, to ga shi.

Ka san tun da farar hula suka karɓi mulki aka kawo wayar salula, ƙaninmu Abdulrahman yake aiki da wani kamfanin waya. Aikinsa shi ne tsara ƙa'idar da turakun waya suke bi wajen sanar da cibiyar kamfanin halin da suke ciki. Ya bayyana mini cewa ya so kowane turke ya riƙa aika saƙo a kai a kai cewa yana aiki, in ya yi shiru a san akwai matsala. Manyansa suka ce saƙonnin za su cushe layi, turke ya yi magana kawai idan ya samu matsala. Ya ce musu wanda ya mutu gaba ɗaya ba zai iya kai ƙara ba, ba su saurare shi ba.

Ranar da Baba ya faɗi bayan Azahar, turken Goron Dutse da ke ba unguwarmu layi ya mutu tun safe, cibiya kuwa tana nuna komai lafiya. Daga ni sai Hajiya a gida. Na kira likita, na kira Abdulrahman, waya ta ƙi shiga. Kafin maƙwabcinmu Malam Gwadabe ya samo mota mu fito da Baba daga lungu, jikinsa ya saki. Muna hanyar asibiti, a Ƙofar Kabuga ya cika, kansa a cinyata.

Mun san kwana ne ya ƙare, amma Abdulrahman ya rame, ba ya zama cikin mutane. Yanzu kamfanin sun amince da tsarinsa, har sun yabe shi a taro. Ya ce zai ƙarasa aikin saboda iyayen wasu, sannan ya bar kamfanin. Hajiya ta roƙe shi kada ya bari, amma bai sauya ra'ayi ba. Don Allah Yaya ka zo ko da mako ɗaya ne, maganarka kaɗai yake ji.

Ka gaida Anti Bushra da su Ramadan da Mikail. Hajiya da Gwaggo Larai suna sa muku albarka.

Ƙanwarka,
Zaituna.