Layukan Nafisa

Daren Laraba, Gadarif

Na yini a ofishin gonar dawa a Gadambaliya, ina gyaran barnamij ɗin kwamfuta mai tsara fitar taraktoci, wanda ni da 'yata Nafisa muka rubuta musu kafin yaƙi. Ni da na koyar a jami'a, abin da ya rage mini ke nan.

Sun ɗora sabuwar sigar harshen kwamfutar da muka rubuta barnamij ɗin da shi, ita kuwa ba ta gane haruffan tsofaffin fayiloli. Bayanan da Nafisa ta bari da Larabci tsakanin layuka duk suka koma tarkacen alamomi. Mudir, shugaban ofishin, ya leƙo ya ce, "Ya ustaz, goge su kawai, inji bai buƙatarsu."

Gaskiya ne. Amma hotunanta sun ƙone tare da gidanmu na Khartum, kabarinta ma ban san inda yake ba.

Sai na ƙara layi ɗaya a saman kowane tsohon fayil, mai umartar a karanta shi yadda aka saba. Rubutunta ya dawo. Na farkon da na gani: "Baba, kar ka taɓa nan, yana aiki."

Ban taɓa ba. Har yanzu da muryarta nake jin maganar, na kasa kashe fitila.