Giya Mai Hoton Bunsuru

Almaty, 3 ga Afrilu

Maman Anjila,

Gaisuwa mai yawa. Ya gwiwar taki, ya Inna da tarinta? Ni lafiya lau, kullum ina gaban murhu a gidan abincin.

Yaron da 'yarki ta ishe mu da zancensa ya zo gaishe ni jiya. Asilbek, ɗan Kazak, wato ɗan ƙasar nan, abokin karatunta na likitanci. Fara'ar tasa ta yi yawa, ban yarda da ita ba. Kin san abin da ya dire mini a tebur? Kwalba shida na giyarmu mai hoton bunsuru. Ita dai, ta 'yan dako, wadda ko a garinmu Pokhara sai an juye ta a kofi an ɓoye kwalbar kafin a miƙa wa baƙo. Ga giyar Jamus maƙil a kowane kanti, ita mai neman 'yar mutane yake ɗauka. Shi ya tsallake ta ya nemo wannan.

Ruwa ba ya tsami banza. Shekara goma sha ɗaya ana kirana shugaban kicin a garin nan, ko Anjila ba ta san na taɓa yin dako a kan duwatsun Himalaya ba. Ke kika faɗa mata? Yaron nan nuna mini yake ya san asalina, 'yar ɗan dako kuma ba sai an sha wahala ba.

Na buɗe su ɗaya bayan ɗaya na tuttular a wurin wanke-wanke, yana kallo. Kallon ma ban yarda da shi ba.

Mijinki,
Khem

Almaty, 19 ga Afrilu

Maman Anjila,

Ina fata kuna lafiya. Na ji rantsuwarki, na yarda ba ke ba ce.

Anjila ta kwashe kayanta ta koma ɗakin ɗalibai, ba ta ɗaukar wayata. Sai na tafi shagon Ba'indiyen da ke kawo kayan ƙasarmu, don in ji 'yan canjin da yaron ya kashe in sami hujja. Na tarar da bunsurun a kulle cikin gilashi. Tenge dubu biyar na kuɗin nan kwalba ɗaya, ta Jamus kuwa dubu ɗaya! Na ce masa ɓarawo, ya yi dariya, wai 'yan gayun Almaty rububinta suke, ruwan Himalaya ne. Ya ce wani ɗalibi ma mako uku yana sintiri kafin ta iso, wai surukinsa ya daɗe bai ɗanɗana ta gida ba.

Na so in ce baki suka haɗa. Na juya zancen ta ko'ina, ban ga inda zan kama shi ba. Kunya nake ji, Maman Anjila.

Ashe ba wanda ya san zancen dakona. Yarinyar nan kuma ba za ta gane abin da na yi ba sai ta ji labarin dakon, daga bakina. Ki kira ta, ki ce ta ɗaga wayar sau ɗaya.

Ki gaishe da Inna.

Mijinki,
Khem