Takardar da Na Sa wa Hannu

Kazaure, ranar Litinin

Zuwa ga Ummukulthum,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Fatu. Yaya jikin Inna, yaya mutanen Babura? Allah Ya ƙara sauƙi. Na rubuto ne don a waya bakina ba ya buɗewa.

Abin da kika ji gaskiya ne. Ashiru, ɗan maƙwabcinmu Malam Muhammadu Lawal, ya rasu ranar Laraba a hanyar Gwiwa, yana kan babur. Shanu ne suka fito daga bayan dutse za su tsallaka titi. Waɗanda suka gani sun ce akwai tazarar da zai iya tsayawa. Bai tsaya ba.

Ina cikin waɗanda suka ɗauki makara. Kwana uku ina zaman makoki, ina amsa gaisuwa kamar ɗan gida. Ban yi kuka ba. Ina cin abinci, ina zuwa masallaci. Ranar Asabar ma na je fili na jera tayoyi, na koya wa sababbin 'yan acaɓa shan kwana da taka birki, kamar yadda ƙungiya ta ɗora mini. Kada ki taso saboda ni, ki zauna da Inna.

Naki,
Kyari

Kazaure, ranar Juma'a

Ummukulthum,

Sallama da gaisuwa, da fatan Inna ta fara cin abinci. Ki shafa mini kan Fatu.

Kin ce wasiƙata ba ta yi kama da ni ba. Akwai abin da ban faɗa ba.

Kin san ƙa'idarmu: ba mai zuwa neman lasisi da sunan ƙungiya sai na gwada shi na sa hannu. Ashiru ya iya zagaye tayoyi, har ya fi wasu tsofaffin hannu. Tsayawar gaggawa ce ta gagare shi. In na ɗaga jan ƙyalle, sai ya runtse ido, ya sauke ƙafafu ƙasa, ya manta da birki gaba ɗaya. Sau uku na gwada shi, sau uku ya wuce layin da na ja da toka. Na ce ya ƙara mako biyu.

Da la'asar mahaifinsa ya same ni a ƙofar gida. Ya ce wani kamfanin fitilun sola zai ɗauki Ashiru aikin kai kaya ƙauyuka in yana da lasisi, Litinin za a rufe ɗauka, ga matarsa Nafisat da tsohon ciki. Bai roƙe ni ba ma sosai. Ya cire hula yana juya ta a hannu, mutumin da ya girme ni da shekara ashirin. Na shiga na ɗauko biro. Na ce a raina zan ci gaba da koya wa Ashiru ranakun Asabar. Bai sake samun Asabar ba, ni kuma ban neme shi ba.

Na san kwana ya ƙare, na san abin da za ki ce ke nan. Ni ma ina faɗa wa kaina. Ina jin maganar kamar ana yin ta a wani gida.

Mijinki,
Kyari

Kazaure, ranar Alhamis

Ummukulthum,

Assalamu alaikum. Na ji an ce Inna har ta taka zuwa tsakar gida, Alhamdu lillahi. A gaishe ta, a gaida Baba.

Nafisat ta sauka ranar Lahadi, namiji. Na je barka.

Jiya Malam Muhammadu ya aiko kirana. Na tafi ina tsammanin ranar da zai tuhume ni ce ta zo, har na ji wani sauƙi. Na tarar da shi a zaure, babur ɗin na jingine a gefensa. An miƙe ƙarfen gaba, an sa sabuwar fitila. Ya yi mini godiyar ɗawainiyar da na yi a makoki. Na buɗe baki na ce, Baba, ranar da na sa hannun nan Ashiru bai ci gwajin ba. Ya ce ya sani, ai shi ya zo ya same ni. Na ga shi ma idonsa a bushe yake.

Sannan ya ce gida ba mai fita nema yanzu sai Musaddiƙ, ƙanin marigayi, wanda ya dawo daga Roni da iyalinsa. Kamfanin sun yarda ya gaji aikin. Ya ce ba wanda zai ba amanar koya masa sai ni. Bai ce in yi sauri ba, bai kuma ce kada in yi ba.

Na ce to. Jibi za mu fara.

Idan Inna ta warware, ki dawo. Ba don wani abu ba, gidan ne ya yi shiru.

Naki har kullum,
Kyari Abatcha